Ƙasa a Cikin Tumbi

Mai Sawu ya ɗora butar shayinsa, ya murɗa murhu, ya ƙyasta ashana. Kwanakin nan dama wutar gas ɗin tana ta ramewa, amma yau ko ramewar ba ta samu ba. Murhun ya yi ɗan tari, ya fitar da harshe guda, ya mutu. Tsohon ba mai saurin fushi da kaya ba ne. Ya sauke butar, ya koma kan kujerarsa ya kasa kunne. Ta katanga yana jin maƙwabta su ma suna ta ƙyasta ashana a banza.

Bai daɗe da zama ba aka banko ƙofa. Mai Madara ce, ƙanwar marigayiya matarsa, wadda ke auna madarar gidaje kowace safiya.

"Tashi, tsoho, an yi ɓarna."

"Ke dai har ki mutu ba za ki koyi sallama ba."

"In na koya wa zan yi wa, kai? An ɗura wa Tumbi ƙasa. Sun kama Mai Jaki, sun ƙwace jakinsa da amalanke. In ba ka zo ba, yau sai an yi abin kunya a gonar nan."

Ya ɗauki sandarsa da hularsa ya bi ta.

Tumbi shi ne abin alfaharin gonar ƙungiya. A da, kowane gida yakan kwashe kashin shanunsa ya jibge a wani ƙaton rami bayan gona, ya yi ta ruɓewa yana kumfa, ƙuda suna biki. Sai wata injiniya ta zo ta ce kumfar nan iskar gas ce, wadda in ta tashi sama take ƙara wa duniya zafi, in kuwa aka tare ta, girki take yi. Aka gina ɗaki mai zagaye na siminti a cikin ƙasa, aka rufe shi ruf, aka ja bututu zuwa gida-gida. Da ta ce abin kamar tumbin saniya yake aiki, sai sunan ya bi shi. Doka ɗaya ce: kowane gida ya kawo cikakken baro na ɗanyen kashin shanu da safe, mai shi ya dama da ruwa a kwamin siminti, ya zare katako ya gangara ciki. Gidan da ya kasa, a rufe masa bututu.

* * *

A bakin kwamin an cika maƙil. Damammen kashi ya tsaya cak ya ƙi gangarawa. Shugaban ƙungiya yana riƙe da dogon rodi, da ya ga Mai Sawu sai ya zura shi cikin maƙogwaron Tumbi, ya zaro, ya nuna masa. Bakin rodin ya fito da ƙasa, damƙam.

"Ka gani da idonka, Baba. Ga kuma sawun amalankensa nan, har gindin kwami. Ga yashin da ya zube. Wa ke jigilar yashi a nan in ba shi ba? Wa ya tsaya a bainar jama'a ya ce Tumbi ya cire masa abinci daga baki?"

Mai Jaki yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Itace yake sayarwa a da. Da gas ya shigo ciniki ya mutu, ya koma ɗebo yashi daga rafi yana kai wa magina. Can gefe an ɗaure jakinsa a jikin bishiya, yana kaɗa kunne abinsa.

Shugaba ya waiwaya. "Sammako, kai da kake riga kowa zuwa, da ka iso ba ka tarar da sawun nan ba?"

Mutumin da ake kira Sammako, wani siriri mai yawan shiru, ya amsa ba tare da ya ɗaga kai ba. "Na tarar."

"To ka ji. Da yamma mu miƙa shi ga 'yan sanda. Jaki da amalanke kuwa suna hannunmu har sai an gyara abin da ya ɓata."

Mai Sawu ya san abin da wannan ke nufi. Gidan Mai Jaki ba saniya, ba gona. Ranar da jakin bai fita ba, tukunya ba ta hawa wuta.

Shekaru da yawa ya yi yana bin sawun shanun da aka sace, abin da ya koya kuwa shi ne ƙasa ba ta gaggawa, mutane ne ke yi. Ya dubi wurin da ƙafafun jama'a suka riga suka kirɓe, ya girgiza kai.

"Ku ba ni zuwa yamma. Kuma don Allah kowa ya koma gida ta bayan shinge. Kada wanda ya sake taka babbar hanya."

* * *

Da aka watse, ya zauna kusa da Mai Jaki, ya miƙe ƙafafunsa.

"Ɗana, sawun naka ne?"

"Nawa ne."

"Yaushe?"

"Jiya da yamma, bayan yayyafi ya ɗauke."

"Hanyar rafi ba ta nan take ba. Me ya kawo ka?"

Mai Jaki ya sosa ƙeya. "In na faɗa za ka yi mini dariya."

"Na tsufa da yi wa wanda aka ɗaure wa jaki dariya."

"Uwar yarana ce. Kullum ta leƙa maƙwabta ta dawo tana ba ni labarin shuɗiyar wuta. Wai tukunyarsu ba ta baƙi, wai idonsu ba ya hawaye. Ni mai sayar da itace, a gidana ake yi mini wannan waƙa! Shi ne na ce bari in zo lokacin da ba kowa, in ga yadda abin yake. In na samu Injiniya ita kaɗai, in tambaye ta ko ana karɓar na jaki."

"Kashin jaki?"

"Ka ce ba za ka yi dariya ba, Baba."

"Ban yi ba, tari ne. Me ya hana ka faɗa musu?"

"In ce me? Ni da na cika baki a gaban kowa? Gara su ce mugu ne da su ce na zo roƙo."

Mai Sawu ya tashi ya bi sawun amalanken a hankali. Ya shigo, ya tsaya, ya juya ya fita. Ya duƙa ya gwada zurfin tayar da yatsa wajen shigowa, ya sake gwadawa wajen fita. Ɗaya ne. Amalanken da nauyinsa ya zo, da nauyinsa ya koma. Amma ya san Shugaba zai ce ai bokiti biyu ba sa canza sawu, don haka ya ajiye wannan a ransa.

* * *

Ya tarar da Injiniya a bayan Tumbi, ta naɗe hannun riga, tana wanke ƙasar da ta zaro a cikin bokiti.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Yawwa Baba. Dama ina neman wanda zai saurare ni, tun safe ba mai ji. Zo ka gani."

Ta tsiyaye ruwan, ta miƙo masa abin da ya kwanta a gindi. Ya murza a yatsunsa. Ƙasa ce mai laushi, ja-ja, ba tsakuwa ko ɗaya. Ya zaro ɗan yashin da ya tsinto daga inda amalanke ya tsaya, ya ajiye a ɗaya tafin. Wannan fari ne, mai kaushi, yana ƙyalli.

"Ba dangin juna ba ne," in ji shi.

"Ko kusa. Kuma ba aikin dare ɗaya ba ne. Na zura rodi ta ko'ina, cikin ya cika har kusan rabi. Ka san kashi yana narkewa ya fita ta baya ya zama ruwan taki, ita kuwa ƙasa sai ta kwanta, gobe wata ta hau kanta. Da kaɗan-kaɗan aka yi ta ba shi, shi ya sa wuta ta yi ta raguwa. Ni na ɗauka sanyin damina ne. Da na zura rodin nan tun da wuri, da ba a kai haka ba."

"Zai tashi?"

"Zai tashi, amma sai an buɗe shi ya sha iska sosai, sannan a kwashe da bokiti. Wanda ya shiga kafin nan ba zai fito da ƙafarsa ba. Abin da ke damuna, kafin a gama, kashin gonar nan duk ramin baya zai koma, iskar da muka sha wahalar tarewa ta ci gaba da tashi."

Tana magana, idonsa yana ƙasa. A gefen ramin da ruwan taki ke fita akwai sawun ƙafa ba takalmi, babban yatsan dama a karkace, ga kuma zoben gindin bokiti biyu.

* * *

Sawun ya kai shi har lambun da ke gangare. Mai Lambu yana tsugune cikin kabeji, da ya ga wanda ke tafe sai ya miƙe yana share hannu a wando.

"Na san yatsan nan zai tona ni wata rana."

"A da kai ke kwashe kashin ramin baya kyauta. Da aka gina Tumbi na ji ka yi ƙorafi."

"Na yi, har da rantsuwa. Amma dubi ganyen nan, Kawu. Ka taɓa ganin kabejina haka? Ruwan takin nan ba ya ƙona shuka, ba ya kawo ciyawa. Rabon da aka yanka mini ne ba ya isa, shi ne nakan ɗan zaga in ƙara. In sata ce, to na yi. Amma in kashe abin da ke ciyar da lambuna? Ai ko mahaukaci ya san gidansu."

Mai Sawu ya ɗebi ƙasar lambun ya murza. Baƙa ce, mai danƙo.

"Ka je ka faɗa wa Shugaba zancen ƙarin da bakinka," in ji shi. "Ya fi daɗin ji daga wurinka."

Mai Lambu ya cusa masa tumatir a aljihu. Bai ƙi ba.

* * *

Rana ta ɗaga lokacin da ya hau babbar hanya, wadda kowane baro ke bi daga gidaje zuwa kwami. Kusa da wurin shan ruwan shanu akwai inda laka ba ta bushewa, yayyafin jiya kuma ya share tsofaffin sawu, ya bar wurin sumul kamar an shafe. Duk abin da ke kai na safiyar yau ne.

Ya tsuguna, gwiwoyinsa suna ƙara. Barorin ƙungiya iri ɗaya ne, taya ɗaya, faɗi ɗaya, ba yadda za a bambanta su da zane. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa. Duk sun nutse daidai wa daida, sai guda. Shi wannan ya yanka lakar kamar garma, sawun ƙafar mai tura shi kuma ya kafe yatsu, ya taƙaita taku. Mutum ne da ke fama da nauyi.

Ya daɗe yana duban inda layukan suka gicciya juna. Sannan ya karyo rassa ya kewaye wurin, ya nufi rumfar awon madara.

Mai Madara tana wanke garwa. "Ka gano, ko tsufa ya ci idon?"

"Idon da ya zaɓi yayarki ya bar ki ai bai lalace ba."

"Ka ji shi! Ni na ƙi ka."

"Gidan wa madara ta ragu a watannin nan?"

Ta dakata da wankin. "Kowa tasa takan hau ta sauka. Amma wanda tasa ta faɗi ba ta tashi ba, Sammako ne. A da garwa yake cikawa, yanzu ɗan abin da yake kawowa ko kyanwa ba za ta gode ba. Ya ce biyu daga cikin shanunsa ciki gare su, sun ƙafe."

"Kin gan su?"

"Ina zan gan su? Shanun kowa a bayan gidansa suke, a ɗaure. Tun da matarsa ta kwanta asibiti ma ba ya son a shiga masa." Ta zuba masa ido. "Kai, tsoho. Ba dai shi ba? Mutumin da ko kaza ba ya iya kora?"

"Ban ce komai ba. Ke ma kada ki ce."

"Ni? Yaushe na taɓa yin surutu?"

Ya bar ta da wannan.

* * *

Matar Sammako ce ta amsa sallamarsa. Tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta rame, tana numfashi a hankali kamar mai tsoron ya ƙare. Murhun gas yana gefe, an goge shi tas.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka gafarce ni, ko ruwan zafi babu. Likita ya ce in na ƙara shaƙar hayaƙin itace, ƙirjin nan ba zai sake yafe mini ba. Shi kuwa maigidan ko ashana ya ga na riƙe sai ya hau faɗa."

"Ya kyauta. Yana ciki?"

"Yana baya, wurin shanu."

Ya zaga. Turaku uku ne a garken, saniya ɗaya. Sauran biyun igiyoyinsu na rataye, sun bushe. Amma ba wannan ya tsayar da shi ba. Garken ya faɗa ƙasa kamar kwano. A jikin kowane turke akwai baƙin zobe inda ƙasa take a da, yanzu ya yi sama da ita da kusan kamu guda. Saniyar tana tsaye a cikin rami. Ƙasar wurin kuwa ja-ja ce, mai laushi.

Sammako yana zaune a kan baronsa da ya kifa. Bai tashi ba, bai kuma yi mamaki ba.

Mai Sawu ya sami dutse ya zauna. Suka zuba wa saniyar ido tana tuƙa.

"Asibiti ne ya ci biyun?"

"Shi ne. Ta ƙofar baya na fitar da su."

"Saniya ɗaya ba ta cika baro."

"Ko rabi." Ya ɗago ya dubi tsohon. "In aka rufe mana bututu, Baba, da me za ta yi girki? Sai na tuna ƙasar garke. Kai ma ka sani, duk manomi ya sani, ba takin da ya kai ta. Shekara da shekaru tana shan fitsari da kashi. Mahaifina har roƙonta ake zuwa yi. Na ce abin da ke ciyar da gona ai zai ciyar da Tumbi. Sai in kankaro in zuba a ƙasa, in rufe da kashi a sama. Wallahi ban san cuta nake yi ba. Ina ma ganin kamar gudummawa ce."

"Na yarda. Ni ma da za a tambaye ni kafin yau, da na ce ƙasar garke ba ta ɓata komai. To amma yau da safe, da rodi ya fito da ita, ka gane?"

Sammako ya sunkuyar da kai. "Na gane."

"Aka kuma tambaye ka sawun amalanke."

"Ai ban yi ƙarya ba. Na tarar da shi."

"Ba ka yi ba. Amma yaran Mai Jaki ba su ci komai ba tun safe, da yamma kuma ubansu zai kwana a hannun hukuma." Ya dafa sanda ya miƙe. "Ni zan faɗi abin da ƙasa ta nuna mini, ba zan kama suna ba. Abin da ya rage naka ne."

* * *

Da rana ta yi sanyi ya tara su a wurin shan ruwan shanu, ba a bakin kwami ba. Shugaba ya zo, da Injiniya, da Mai Lambu, da Mai Madara, da sauran masu gidaje. Aka kawo Mai Jaki. Sammako ya tsaya can baya.

Mai Sawu ya sa aka kawo baro biyu, ɗaya cike da kashin shanu, ɗaya cike da ƙasa an lulluɓe samanta da kashi.

"Shugaba, a ido akwai bambanci?"

"Babu."

"To tura mana su ta cikin lakar nan, a gefe."

Shugaba ya tura na farko ya wuce salin-alin. Da ya kama na biyu sai jijiyar wuyansa ta tashi, taya ta nutse, takalminsa ya zame. Aka yi 'yar dariya.

"A hankali, ranka ya daɗe," in ji Mai Madara, "kada mu rasa Tumbi mu rasa shugaba."

Mai Sawu ya ɗauke rassan da ya kewaye wurin da su. "Yanzu ku dubi na safiyar yau. Ga naku duka, ga kuma wannan. Da wanne ya yi kama?"

Duk idanu suka koma kan sawun baron ƙasa.

"Ƙasar da ke cikin Tumbi ba yashin rafi ba ce, Injiniya ta wanke ta kowa na iya gani. Ba kuma a dare ɗaya ta shiga ba. A baro take zuwa, kowace safiya, ta babbar hanya, cikin barorinmu. Mai Jaki ba shi da baro, ba shi da layi a kwami."

"To na wane ne?" in ji Shugaba. "Barorin ai duk ɗaya ne."

"Ku matso. Ku dubi inda layukan suka haɗu. Wannan ya hau kansa. Wannan ma ya hau kansa. Wancan ma haka. Duk baron da ya bi hanyar nan yau ya taka mai zurfin. Shi kuwa bai taka na kowa ba."

Ya jingina da sandarsa, ya kafa idonsa a kan laka. Bai dubi kowa ba. Ya ji numfashin mutane yana canzawa ɗaya bayan ɗaya, ya ji wuyoyi suna son juyawa baya.

Kafin su juya, murya ta fito.

"Nawa ne."

Sammako ya ratso tsakiya. Ya faɗi komai, bai tsallake ko ɗaya ba: shanun da ya sayar, ƙirjin matarsa, ƙasar garke. Da ya zo kan ƙasar garke, Mai Sawu ya ga tsofaffin manoma biyu sun dubi juna, ɗaya ya ce a hankali, "Ashe ba ta yi?" Injiniya ta rufe ido ta dafe goshi.

"Na ce muku banda tsakuwa, banda sabulu," in ji ta. "Ban taɓa kawo ƙasar garke a raina ba."

Sammako ya juya wajen Mai Jaki. "Ƙasar, rashin sani ne. Shirun da na yi da safe kuwa da sanina na yi. Ka yafe mini."

Mai Jaki ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ɗana ƙarami ya ga lokacin da aka ja ni," in ji shi. "Wannan ba a yafe shi da yamma ɗaya." Ya juya ga Shugaba. "Jakina kuma ba zan kwance shi ba. Wanda ya ɗaure shi, shi zai ja shi har ƙofar gidana, ya faɗa wa yarana da bakinsa cewa ubansu ba ɓarawo ba ne, ba mugu ba ne."

Shugaba ya cire hularsa ya nufi bishiyar.

Sauran maganar ba ta ɗauki lokaci ba. Aka yanke cewa in Tumbi ya sha iska, Sammako ne zai fara riƙe bokiti, shi zai ajiye na ƙarshe. Zancen rufe masa bututu kuwa aka yi ta ja. Wasu suka ce doka doka ce. Mai Madara ta ce dokar da ta sa mutum ya haƙe garkensa don tsoro, ita ma a zura mata rodi a gani. Aka bar shi sai taro na gaba. Kafin nan dai, gidan kowa itace zai koma.

"To," in ji Mai Lambu, "ciniki ya dawo wa wani."

Mai Jaki bai yi dariya ba. Yana can yana bin bayan Shugaba, wanda ke fama da jakin, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya.

* * *

Washegari Mai Sawu ya hura 'yan ƙirare ya dafa shayinsa, hayaƙi yana sa shi hawaye. Tunanin matar Sammako ya hana shi jin daɗin shayin. Ya ɗauki sanda ya fita, ko zai sami wata maƙwabciya da za ta riƙa dafa mata.

A bakin lungun gidansu ya tsaya. An riga shi. Sawun amalanke ne sabo, da ƙananan kofatai a tsakiya. Sawun ya shiga lungun, ya tsaya a ƙofar Sammako, ya juyo. Babu sawun mai gida a waje, ba a tsaya gaisuwa ba ke nan.

Tsohon ya duƙa ya gwada da yatsa. Wajen shiga tayar ta nutse, wajen fita ta yi sama-sama. A inda amalanken ya juya, wani ɗan baƙin abu ya faɗi. Ya ɗauka ya murza. Gawayi ne, busasshe, irin wanda ba ya hayaƙi.

Ya jefa shi aljihu, ya juya gida, ko shayin bai gama hucewa ba.